KUTUTTURE BAI MUTU BA

 Ni dattijon ikilisiya ne a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi. Ban yi zurfin karatu ba, iyakata firamare a makarantar mishan. Manomi ne ni kamarku, na san hauya, na san rumbu, na san bashi. Idan an gama tuwon dare, sai a tara iyali, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran wannan 'yar takarda.

Tambayar da na kawo muku ke nan: idan wahala ta sare mutum har ƙasa, yaya zai yi ya sāke girma cikin bangaskiya? Allah zai yarda ya shiga gidan da babu kome ciki sai kuka?

SHEKARAR DA RUMBUNMU YA ZAMA WOFI

A shekara ta 1984 ina ɗan shekara 12. Damana ta zo da ƙarancin ruwa. Muka shuka, rana ta ƙone. Muka sāke shukawa, hatsi ya tashi bai kai gwiwa ba, ya bushe a tsaye. Yunwar nan ita ce mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari, gama a shekarar ce aka rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya daina shigowa kamar dā. Inna takan tafi daji ta tsinko 'ya'yan anza, ta jiƙa su kwana da kwanaki tana canja ruwa don ɗacin ya fita, sa'an nan ta dafa mana. Cikin wannan hali ƙyanda ta shigo gari. Ƙanwata 'yar shekara uku ta kamu, jikinta ba ƙarfi, ta rasu.

Baba Azne ne a dā, ya bar tsafin gidansu ya bi Yesu tun kafin a haife ni. Bayan kwana uku da rasuwar, wansa ya zo gaisuwa. Da mutane suka watse, ya ce masa, "Ƙanena, ka ga abin da nake faɗa maka? Ka juya wa iskokin gidan ubanmu baya, ga shi sun fara karɓa. Kawo baƙin bunsuru a zubar musu da jini, tun ba su taɓa namijin ba." Namijin nan ni ne. Ina bayan darni ina ji.

Baba bai kai bunsuru ba. Amma daga ranar ya daina addu'ar dare. Ya naɗe Littafi Mai Tsarki cikin tsumma, ya soke shi a jinka. Idan Inna ta ce, "Maigida, ba za a yi addu'a ba?" sai ya ce, "Ku yi." Ran Lahadi yana zuwa majami'a, amma bakinsa a rufe. An sare shi har ƙasa.

ABIN DA BABA YA GANI A GONA

A lokacin akwai wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, mutumin Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo. Ya yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa saboda rana da iska da awaki. A shekara ta 1983 ya lura da abin da muke takawa kullum ba mu kula ba: 'yan tsire-tsiren nan da muke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne na itatuwan da aka sare tun dā. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an dasa sabo ba, a gyara wanda yake nan. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Da yunwa ta zo, mishan ta riƙa ba da abinci a bakin aiki, aikin kuwa har da barin toho a gonaki ana gyara shi.

Baba ya shiga aikin don ciki, ba don ya yarda ba. Wata safiya muna gona, ya tsaya a kan wani kututturen kalgo, ya daɗe yana dubansa. Ya ce mini, "Yaro, shekara nawa ina sare abin nan, ina tara kara a kansa ina cinna wuta? Ga shi bana ko ruwan kirki bai sha ba, amma bai fasa tohowa ba." Ban ce kome ba. Da dare ya miƙa hannu cikin jinka, ya zaro Littafin, ya kakkaɓe ƙura. Ya ce wa Inna, "Tara yaran." Addu'arsa a daren ba ta da tsawo. Ya ce, "Ya Ubangiji, ban gane abin da ka yi mini ba. Amma ga gidan, ka shigo." Ya yi kuka, mu ma muka yi. Rumbu bai cika a daren ba, ƙanwata ba ta dawo ba. Amma daga ranar gidanmu ya fara toho.

MAGANAR ALLAH A KAN KUTUTTURE

Daga baya mai bisharar garinmu ya nuna mana Ayuba sura 14. Ayuba ya rasa dukiya, ya rasa 'ya'ya goma a rana guda, ya rasa lafiyar jiki. Cikin baƙin cikinsa ya dubi itacen da aka sare, ya ga yana da sa zuciya, domin ko saiwarsa ta tsufa, da zarar ta ji ɗanshi sai ta fid da rassa. A wannan wuri Ayuba yana ganin itace ya fi mutum sa'a, gama mutum idan ya kwanta, shi ke nan. Amma ku ci gaba zuwa sura 19, za ku ji mutumin nan yana shaida cewa yana da Mai Fansa rayayye.

Annabi Ishaya kuma, a sura 11, ya kwatanta gidan Yesse, mahaifin Sarki Dawuda, da kututture. Sarauta za ta fāɗi, a kwashe jama'a zuwa bauta. Duk da haka daga wannan kututture reshe zai fito. Reshen nan shi ne Yesu Almasihu. Shi ma an sare shi a kan gicciye saboda zunubanmu, aka sa shi a kabari, a rana ta uku ya tashi. Saboda haka mai bi ya fi itace sa zuciya nesa ba kusa ba. Saiwarmu ba ƙarfin halinmu ba ce, ba yawan addu'armu ba ce. Saiwarmu Almasihu ne wanda ya ci nasara a kan mutuwa. Abin da yake bisa ƙasa gatari yana iya kai masa: gona, dabba, lafiya, har ɗan da ka haifa. Abin da yake ɓoye cikin Almasihu, babu gatarin da zai kai wurin.

WA YAKE SALLAMA A ƘOFA?

Mu Hausawa mun san darajar baƙo. Ko dare ya yi, idan aka yi sallama, akan amsa, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa. Amma akwai abin da yake hana mu: kunya. Idan babu fura a gida, wani yakan yi shiru kamar ba ya nan, har baƙo ya gaji ya wuce.

Haka da yawa cikinmu muke yi wa Ubangiji. Muna cewa, "Bari in biya bashin nan tukuna. Bari fushina ya huce. Bari in daina wannan hali, sa'an nan in koma ga Allah." Ɗan'uwa, ka taɓa ganin majiyyaci ya ce sai ya warke zai tafi Galmi ganin likita?

A Ru'ya ta Yohanna sura 3, Yesu ya nuna kansa kamar baƙo a waje yana neman a buɗe masa, domin ya shiga a ci abinci tare. Ku lura, ba ga marasa bi aka aika wannan magana ba. Ga ikilisiyar Lawudikiya aka aika ta, mutanen da suke da sunan Kirista, suna ganin ba su rasa kome ba, alhali Maigidan yana waje.

Ku tuna da gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna sura 17. Ana fari, tana tsintar itace don ta dafa ɗan garin da ya rage, ita da ɗanta su ci su jira mutuwa. A wannan rana ce Annabi Iliya ya iso. Ba ta ɓuya ba, ta faɗa masa gaskiyar halinta, ta karɓe shi da abin da take da shi. Gari da mai ba su ƙare ba har aka yi ruwa. Amma ku karanta har ƙarshen surar. Bayan haka ɗanta ya yi ciwo ya mutu, ta yi wa annabin magana mai zafi, sa'an nan Allah ya mayar mata da shi da rai. Ashe karɓar Allah ba ta hana wahala sāke zuwa. Abin da take yi shi ne, idan wahalar ta zo, takan tarar akwai Wani a gidan.

Ku tuna kuma da almajirai biyu a hanyar Imuwasu, a Luka sura 24. Suna tafe da baƙin ciki, Yesu yana tare da su, ba su gane shi ba. Sai da suka matsa masa ya sauka wurinsu, suka zauna cin abinci, sa'an nan idanunsu suka buɗe. Da sun bar shi ya wuce fa?

KADA KA BAR SHI A ZAURE

Akwai baƙon zaure, akwai ɗan gida. Waɗansunmu sun amsa sallamar Yesu, amma sun ajiye shi a zaure. Ran Lahadi su fito su gaishe shi, sauran kwana shida kuwa cikin gida nasu ne. Bari in tambaye ka, ni ma ina tambayar kaina.

Ya shiga rumbunka? Tiyar da kake saye da ita, ita ce kake sayarwa da ita? Idan maƙwabci ya ci bashin hatsi a bazara, nawa kake karɓa a kaka?

Ya shiga ɗakin aurenku? Maigida, idan talauci ya matsa, a kan wa kake huce haushi? Uwargida, bakinki yana ɗaga mijinki, ko yana ƙara danne shi?

Ya ga abin da yake ƙarƙashin matashin kai? Ko akwai laya da aka ɗaura wa jariri a ɓoye, ana cewa "don a haɗa da addu'a"?

Ya taka iyakar gonarka, wadda saboda ita shekara biyar ba ka gaisa da ɗan'uwanka?

Yesu ba ya fasa ƙofa. Amma ɗakin da ka hana shi shiga, nan ne gara za ta ci.

YADDA TOHO YAKE ZAMA ITACE

Duk wanda ya yi sassaben zamani ya san ayyukan nan huɗu. Su ne kuma hanyar girma cikin Ruhu.

Na fari, zaɓi. Kututture ɗaya yakan fid da toho da yawa. Idan ka bar su duka, sai su yi ta ƙwacen abinci, ba wanda zai yi tsawo. Manomi yakan zaɓi 'yan kaɗan masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ya cire sauran. Haka zuciya take: damuwar abinci, damuwar auren 'ya, son a san da kai, hirar dandali, wayar hannu. Zaɓi abin da zai tsaya. Maganar Allah da addu'a su zama reshe na fari. Ko aya biyu ce kowane dare, a karanta, a tambayi yara abin da suka ji. Tun shekara ta 1932 Littafi Mai Tsarki dukansa yake cikin harshenmu, yau har a waya ana sauraronsa. Wanda bai iya karatu ba ma ba shi da hujja.

Na biyu, aski. Akan datse ƙananan rassa na ƙasa da wuƙa mai kaifi, domin itacen ya miƙe sama. A Yohanna sura 15 Yesu ya koya mana cewa Uba manomi ne, reshen da yake ba da 'ya'ya ma yakan datse shi don ya ƙara bayarwa. Ban ce kowace masifa horo ce saboda wani zunubi ba. Abokan Ayuba sun faɗi haka, Allah kuwa ya tsauta musu. Amma na ga yadda Allah yake amfani da wahala ya cire girmankai, da dogara ga dukiya, da taurin zuciya. Baba kafin 1984 mutum ne mai saurin hukunta masu rauni. Bayan shekarar, duk gidan da aka yi rasuwa shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tashi.

Na uku, tsaro. Ɗanyen toho abincin akuya ne. Gona guda ba ta iya tsare itatuwanta, sai gari ya haɗa baki a kan masu sara da dare. Mai bi ma ba ya girma shi kaɗai. Wanda wahala ta same shi, abu na fari da Shaiɗan yake faɗa masa shi ne, "Zauna gida, kada su ga halinka." Kada ka yarda. Je sujada ko da tsohuwar riga. 'Yar'uwa, kada ki bar zumuntar mata don ba ki da abin baiko. Ku samari masu tafiya ci-rani, ko Kano, ko Agadas, ko Libiya, kafin ku nemi aiki ku nemi inda masu bi suke taruwa. Mu da muke gida kuma, mu riƙa kiransu muna yin addu'a tare.

Na huɗu, haƙuri. Ba a gyara toho yau a sha inuwarsa gobe. Shekarar fari ɗan itacen girki za ka samu, bayan 'yan shekaru ka sami abin kafa rumfa. 'Ya'yan Ruhu da Bulus ya lissafta a Galatiyawa sura 5, kamar su ƙauna da salama da haƙuri da kamewa, ba sa nuna a kwana ɗaya. Idan ka fāɗi, ka tuba, ka tashi. Kututturen da aka sare sau goma yakan toho sau goma sha ɗaya.

GARGAƊI

Ga wani abu da ya faru wanda ya kamata ya tsorata mu. Da yunwa ta wuce, aka daina rabon abinci, mutane da yawa suka koma suka sare itatuwan da suka gyara. Don hatsin mishan suka yi, ba don itacen ba. Amma waɗansu suka riƙe nasu, ana yi musu dariya ana ce musu masu ƙazamar gona. Da shekaru suka wuce, aka ga iska ba ta binne shukarsu da rairayi, matansu ba sa tafiya nesa neman itace, dabbobinsu suna da abin ci da rani. Sai maƙwabta suka fara koyi da su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kan hekta wajen miliyan 5 a ƙasar Nijar.

Kai fa? Don me kake neman Allah? Akwai masu cika majami'a lokacin fari, idan rumbu ya cika sai a neme su a rasa. Yesu ya tsauta wa taron da suka bi shi don sun ci gurasa sun ƙoshi, a Yohanna sura 6. Karɓi Ubangiji domin shi kansa, ka riƙe shi a shekarar ƙoshi kamar yadda ka riƙe shi a shekarar yunwa.

Mun ga wannan a ikilisiya ma. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. 'Yan'uwa suka taru suka yi sujada a cikin toka, shugabanni suka yi shelar gafara, waɗansu maƙwabta Musulmi kuma suka ɓoye Kirista a gidajensu. Wuta ta ci kwano da benci, ba ta kai ga saiwa ba.

KA ZAMA KAMAR GAWO

Dubi gawo a gonarka. Da damana, sa'ad da kowane itace yake ado, shi yakan zubar da ganye, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani kuwa, sa'ad da duniya ta bushe, sai ya yi kore, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa. Asirinsa saiwa ce mai zurfi. Annabi Irmiya a sura 17 ya kwatanta mai dogara ga Ubangiji da itacen da shekarar fari ba ta hana shi 'ya'ya. Irin wannan mai bi ƙauyukanmu suke bukata: wanda ba ya neman a gan shi, amma ran wahala kowa ya san inuwar da zai nufa.

Baba ya rasu da tsufansa. Kalgon nan yana nan a gonarmu, jikokinsa suna hutawa a gindinsa. Wansa da ya ce a kawo bunsuru, da ciwon ajali ya kama shi, Baba ne ya yi jinyarsa, shi da kansa kuma ya roƙa a yi masa addu'a da sunan Yesu.

Ya mai karatu, ban san abin da ya sare ka ba. Ko ambaliya ta rushe ɗakinka kamar yadda ta yi wa mutane da yawa a Maraɗi a 2024, ko ɓarayin daji sun kore shanunka, ko ɗanka ya tafi babu labari, ko kuwa zunubi ne wanda kai kaɗai ka sani. Yau ana sallama a ƙofarka. Kada ka jira sai ka share gida. Idan kana so, ku durƙusa tare da iyalinka ku yi wannan addu'a:

Ya Ubangiji Yesu, ka san halin gidan nan. Ba mu da abin da za mu tarye ka da shi sai zunubi da gajiya. Mun gaskata ka mutu dominmu, ka kuma tashi. Ka gafarta mana. Ka shigo, kada ka tsaya a zaure. Ka datse abin da ba ka so, ka tsare abin da ka shuka, ka ba mu haƙuri har mu ba da 'ya'ya. Amin.

Idan ka yi wannan addu'a da gaske, ka faɗa wa fasto ko wani dattijon ikilisiya da yake kusa da kai, domin a taimake ka. Idan kun gama karantawa, kada ku soke takardar nan a jinka. Ku miƙa wa wani gida.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya tabbata tare da ku duka.